Shi Ya Zuba Shayi, Ni Na Yi Korar

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, kuma surukina ya riga mu komawa ranar wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, da tsakar rana, yana zaune a kan benci a ƙofar kamfanin da ya yi wa aiki fiye da shekara talatin. Mai gadi ne ya fara lura. Ya ce ya ga hular tsohon ta faɗi ƙasa bai sunkuya ya ɗauka ba, shi kuwa mutum ne da bai taɓa yarda hularsa ta taɓa ƙasa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mana mu da muka saura.

Matata ce ta ce in rubuta wannan, tun ana zaman makoki. Ta ce, "Kai ne mai biro a gidan nan, ka rubuta wani abu kada a manta da Baba." Na ce to. Ban gaya mata cewa mantuwar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda na ji ana tunawa da shi a zaman makoki.

Kwana uku muka yi a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidansa. An zo daga Gumel, an zo daga Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu sun tsallako iyaka a kan babura. Mafi yawansu tsofaffin ma'aikatan kamfanin ne, masu dako da masu awo da direbobi, matan da suka yi aikin tsince zoɓo kuma suna cikin gida. Kowa ya zauna aka shafa fatiha sai ya kawo tasa shaidar, kuma duk iri ɗaya ce. Wani ya ce, "Manaja bai taɓa ɗaga mini murya ba." Wani ya ce, "Ko ranar da na bar aiki, da hannunsa ya zuba mini shayi." Wani tsohon ɗan dako daga wajen Damagaram ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Wallahi bakinsa bai san mugunyar magana ba, Allah ya ba shi aljanna." Da ya tashi tafiya ya bi kowa ya ba shi hannu biyu. Da ya iso kaina sai ya miƙo mini kan yatsu, ya janye da sauri, ya kau da kai.

Ban ga laifinsa ba, domin ni na kore shi. Duk waɗanda ke zaune a rumfar nan suna yabon mamaci, ni na kore su ɗaya bayan ɗaya, alhali ban taɓa yi wa kamfanin aikin ko yini guda ba. Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare.

Kamfanin yana sayen riɗi da zoɓo da ƙaro daga manoma, a gyara, a ɗura a buhu, a loda wa manyan motoci su yi kudu. Masu shi suna nesa, kuma sukan canza ba tare da kowa ya ga fuskarsu ba. Fuskar da aka sani ita ce ta surukina, manajan ma'aikata, wanda ɗauka da sallama ke hannunsa. Dogo ne siriri, kullum cikin farin kaftani mai guga, da biro uku a aljihu da wani ɗan baƙin littafi da ba ya rabuwa da shi. Mutane sun daɗe suna zaton laƙani ne a ciki. Ni na taɓa gani a buɗe, kalmomin Turanci ne zalla, kowace da ranar da ya samo ta.

Duk lokacin da masu kamfani suka kira shi bita a Kano, sai ya dawo da sabuwar kalma. Ma'aikata sun gane haka, har suka riƙa leƙensa idan ya sauko daga mota. In suka ga leɓensa na motsi shi kaɗai yana murmushi, to ya samo wata, kuma kafin sati ya zagayo wasu za su kwana ba aiki. A gida yakan gwada su a kaina, tunda ni kaɗai ne a dangi zan ji daɗinsu, a ganinsa. Ina tsugune a gabansa na zo gaisuwa zai ce, "Malam, ka san ristirokcarin? Gyaran gida ne. Ka rushe wannan ɗaki ka faɗaɗa wancan." Na so in tambaye shi mutumin da ke kwance a ɗakin da aka rushe fa, amma ba a yi wa suruki irin wannan tambaya. Da ya kawo ridandansi ya ce, "Wannan ta fi kowace ladabi. Ba ka yi sata ba, ba ka yi lalaci ba, kujerarka ce kawai ta mutu ta bar ka da rai." Da aka haɗe sito na Gagarawa da na Gumel ya ce sunan abin maja, ya ɗaga yatsu biyu ya haɗe su ya ce, "Sikeli ɗaya ba ya son mai awo biyu." Yana faɗin waɗannan abubuwa cikin nishaɗi, kamar mai nuna sabon agogo.

Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Kora aikin jahilai ne. Kamfani ba ya kora, canji yake yi." Wani lokaci ya ƙara da cewa, "Ni ban taɓa korar kowa ba." Kuma gaskiya ya faɗa, don ya tsara aikinsa yadda kalmar ba za ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Ga yadda yake yi. Zai aika a kira mutum ofis da hantsi, ya zaunar da shi a kujera mai laushi, ya ɗauko fulas ya zuba masa shayi da hannunsa, sukari cokali biyu. Zai tambaye shi iyali, kowane yaro da sunansa, don ba ya manta suna. Sannan ya warware takarda ya karanta masa ita da Turanci tun daga sama har ƙasa, da murya mai daɗi, ya ninke, ya sa a ambulan, ya miƙa masa da hannu biyu. Zai raka shi har bakin ƙofa ya ce, "Ka biya ta wurin Malam, mijin 'yata, ya warware maka. Hausata ba ta kai nan ba." Mutumin da aka haifa a tsakiyar Gumel, wanda in ya zauna hira sai ka manta da abincinka, shi ne Hausarsa ba ta kai ba.

Abin ya fara ne a shekarar da na auri 'yarsa. Wanda bai san surukuta ba zai ce me ya hana ni ƙi. Ni kuwa tun daga nesa nake tuɓe takalmi in na hango shi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa bai taɓa fita bakina ba, har wani abokina mai irin sunan sai da na laƙaba masa wani. Mutumin da kake wa haka ya turo maka baƙo da takarda, ba ka da bakin cewa ya koma. Shi ma ya san da haka, kuma da gangan ya zaɓe ni.

Na farko da ya zo wani mai awo ne. Ya yi sallama a zaurena yana washe baki, don a zatonsa ƙarin girma aka yi masa, in ba haka ba me zai sa Manaja ya zuba masa shayi? Na karanta takardar a zuci. Na fara kewaye-kewaye, na ce kamfani yana godiya, na ce ana gyaran tsarin aiki, na ce wurin da yake ne aka taɓa ba shi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban gane ba. Gobe in je ko kada in je?" Na ce, "Kada ka je." Ya ce, "Wato korata aka yi?" Na ce, "An kore ka." Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo, da wannan tambaya yake ƙarewa, kamar sun haɗa baki. Takardar na iya cika shafi biyu da Turanci, amma abin da mutum ke son sani shi ne ko ya tashi da asuba ya kama hanya ko ya kwanta. Daga baya na daina kewaye-kewayen, don na ga yana ƙara musu wahala ne kawai. A gari aka sa mini suna Malam Kada-ka-je. In na tsaya gaisawa da mutum a kasuwa, kafin ya isa gida labari ya riga shi, ya tarar da matarsa cikin tashin hankali. Mai naman da nake saye a wurinsa ya roƙe ni in riƙa aikowa, in daina zuwa da kaina.

Shekarar da aka kawo injin tankaɗe zoɓo, matan da ke tsincewa da hannu suka zo mini gaba ɗaya, zaure ya cika har waje. Yawancinsu zawarawa ne da tsofaffi, hannayensu jajaye da rinin zoɓon da ba ya fita ko da sabulu. Takarda ɗaya aka ba su su duka, an jera sunayensu a baya. Da na faɗa musu, wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta matso ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shi Manaja biskit ya raba mana ya sa mana albarka. Kai kuwa ko kunyar furfurata ba ka ji ba. Allah ya isa." Ta tofar da yawu a gefen tabarmata ta fita.

A ranar ne kaɗai na taɓa gwada yi masa magana. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida, na tsuguna, idona a ƙasa, na ce, "Baba, da za a samu wani ya riƙa karanta takardun nan, ko a rubuta su da Hausa." Ya ce, a hankali, "Malam, da na ba ka 'yata ban tambaye ka gona ba, ban tambaye ka shanu ba. Karatu kawai na gani a wurinka. Yanzu karatun ne za ka hana ni?" Bai jira amsa ba ya shiga tambayar jikoki, ya sa aka kamo mini zabo in kai musu. Na karɓi zabon na yi godiya. Matata ta dafa shi da daddawa, kuma na ci.

Kada a ce ban faɗi alherinsa ba. Shi ya sa aka gina kwamin ruwa a ƙofar kamfani don dabbobin da ake korowa kasuwa ranar Alhamis, kuma da kansa yake tsayawa ya ga an cika shi. Makiyaya sun san shi da wannan har cikin Nijar. Lokacin da ƙyanda ta kama 'yata ta fari, shi ya ɗauke ta a cinyarsa har asibitin Gumel, ya ƙi ba kowa ita, kuma na ga hawayensa a kan farin kaftanin nan. Yana da tausayi, ban musa ba. Kawai dai ya gano cewa in ba bakinka ne ya faɗi abu ba, tausayinka ba ya taɓuwa.

Sai ya dawo daga wata bita da sabuwar kalma, awutsosin. Ya bayyana mini ita ranar Juma'a da na je gaisuwa. Ya ce kamfani zai sayar da motocinsa ya riƙa ɗaukar haya daga waje, "don mai sayen riɗi ba shi da haɗi da taya da baƙin mai." Ina tsugune ina cewa haka ne, Baba. Ya san yayana direban kamfanin ne. Ya san yayan nan shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da tuƙin motar nan ya kai ni makaranta har na zama malami. Ya dube ni ya ci gaba da bayanin kalmarsa.

Ranar Talata da hantsi Yaya ya yi sallama a zaurena da ambulan a hannu. Bai zo yana murmushi ba, ya ga isassun mutane sun fito daga zauren nan. Ya zauna ya miƙo mini ya ce, "Karanta. Ai don haka na kai ka makaranta." Na karanta, na kasa ɗago kai. Ya ce, "Gobe in je ko kada in je?" Na ce, "Yaya, ka san abin da ke ciki." Ya ce, "Na sani. Faɗa mini yadda kake faɗa wa kowa." Na ce, "Kada ka je, Yaya. An kore ka." Ya karɓi takardarsa ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Shi dai ya ba ni shayi."

Yaya ya haura hamsin a lokacin. Ya koma ɗaukar kaya a babur ta hanyoyin yashi zuwa tsallaken iyaka, aikin samari. Bai cika shekara ba ya faɗi da lodi a wajen Sule Tankarkar, ƙugunsa ya karye, har yau da sanda yake tafiya. Ya zo zaman makokin nan. Ya yi wa mamaci doguwar addu'a, kuma shi ma kan yatsu ya ba ni.

Daga baya kamfanin ya sake canza hannu. Sababbin masu shi suka turo wani saurayi daga Kano da kwamfuta a jaka, suka ce surukina ya nuna masa aiki. Ya kuwa nuna masa da zuciya ɗaya, wata shida, har yadda ake riƙe fulas. Yakan yaba shi a gabana ya ce yaron yana da kai. Da wata shidan suka cika, yaron ya aika a kira shi ofis da hantsi, ya zaunar da shi a kujera mai laushi.

Bayan la'asar na ji sallama a zaurena, muryar da ban taɓa ji a gidana ba. Duk tsawon aurenmu surukina bai taɓa taka ƙofata ba, ko ranar suna daga waje yake tsayawa. Na fito a rikice ba hula. Na tarar ya riga ya tuɓe takalmi ya zauna a kan tabarma, daidai wurin da ta sauya launi saboda zaman masu takarda. Ya ciro ambulan ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malam, warware mini."

Takardar ba ta da wuya. Kamfani na godiya da doguwar hidima, kamfani ya shiga tiransishan, wato sauyi daga tsohon tsari zuwa sabo, ofishinsa ba ya cikin sabon. Na ce, "Baba, ai ka fi ni Turanci." Ya ce, "Na karanta ta sau bakwai. Babu kalmar da ban sani ba, wasu ma ni na fara kawo su garin nan. Amma ta ƙi shiga. Ina so in ji ta da Hausa." Sannan ya ɗago ya dube ni, tsoho mai furfura da biro uku a aljihu, ya ce, "Gobe in je ko kada in je?"

Zan faɗi abin da na yi yadda na yi shi. Na shiga gida na ce a dafa shayi, ban gaya wa matata wanda ya zo ba. Na kawo na zuba masa da hannuna, sukari cokali biyu. Na tambaye shi Inna, wato surukata, na tambaye shi ciwon gwiwarsa. Na warware takardar na karanta masa ita da Turanci tun daga sama har ƙasa, na gyara murya yadda nake wa ɗalibai ranar jarrabawa. Na ninke na mayar cikin ambulan na miƙa masa da hannu biyu. Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni mijin 'yarka ne. Akwai kunya tsakaninmu. Bakina ba zai iya ba."

Ko alƙali aka kai wa maganar ba zai ce na yi rashin ladabi ba. Kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da Yaya ya tsaya a bakin ƙofar nan. Surukina ya dube ni ya daɗe, ya shanye shayinsa har ƙasan kofi, ya ce, "Na gode, Malam." Na raka shi har bakin ƙofa.

Washegari ya je. Ya tarar an mai da ofishinsa wurin ajiye buhunan da ba kowa a ciki. Ya fito ya zauna a kan bencin masu gadi kusa da kwamin ruwa. Da ƙarfe huɗu ta yi ya tashi ya tafi gida. Kashegari ya dawo, da kaftani mai guga da baƙin littafinsa. Haka ya yi damina biyu.

Ba wanda ya gaya masa. Sabon manaja yakan gaishe shi da Turanci ya wuce da sauri. Mai gadi kuwa surukina ne ya ɗauke shi aiki, ba zai iya ba. Mutanen gari kuwa abin ya zame musu abin kallo. Waɗansu daga cikin masu share hawaye a rumfar makoki, da idona na ga suna ratsowa ta ƙofar kamfani don kawai su ce, "Manaja, ya aiki?" Shi kuma ya ce, "Aiki da godiya." Su wuce suna ƙunshe dariya. Wasu suka ce ya taɓu. Bai taɓu ba, ni na sani. Shekara da shekaru ya gina wa kansa doka cewa takarda ba ta korar mutum sai an faɗa masa da Hausa a zaurena, kuma shi ba a faɗa masa ba. Ranar Alhamis yakan tashi ya tsaya a kan masu cika kwami, shi ne kaɗai aikin da ya rage masa.

Kowace Juma'a ina zuwa gaisuwa kamar kullum. In na gama zan tashi sai ya ce, "Malam, babu wani labari?" In ce, "Sai alheri, Baba," idona a ƙasa. Sau ɗaya matata ta tambaye ni, "Wai me ke faruwa da Baba a wurin aiki? Ana ta maganganu." Na ce mata, "Tiransishan ne, ba wani abu ba." Ba ta san kalmar ba, kuma ta ji kunyar tambaya. A lokacin ne na gane na iya aikin.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka watse aka fara naɗe tabarmi, aka ce Inna tana kirana. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ba mu taɓa yin magana ta wuce haka ba. Na tsuguna a inda na saba. Ta ce, "Shigo ciki." Tana zaune a ƙasa cikin mayafin takaba, matata na tsaye a jikin bango. Ta turo mini ambulan da ya yi laushi da gumi, ninkinsa ya fara yagewa. Ta ce masu wankan gawa ne suka same shi a aljihunsa. Ta ce, "Malam, karanta mini."

Na ɗauka ba ta sani ba. Na ce, "Inna, takardar godiya ce daga kamfani, suna yaba hidimarsa."

Ta ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Shekara biyu ina guge masa kaya, ina sane da bencin da zai je ya zauna. Ranar da ya dawo daga gidanka ya ce da ni, na je wurin Malam, bai ce kada in je ba. Na ce to ni na ce kada ka je. Ya ce ba bakinki ne ke faɗa ba. Kowace Juma'a in ya ji sallamarka sai ya ce mini, dakata da gugar tukuna, mu ji abin da Malam zai ce. In ka tafi sai ya leƙo ya ce, goge."

Ban ɗago kai ba, amma ina jin idon matata a kaina. Inna ta ce, "Ka faɗa wa masu dako, ka faɗa wa zawarawa, ka faɗa wa yayanka. Yanzu faɗa mini, da Hausa."

Na ce, "An kore shi, Inna."

Ta ce, "Ai da saura. Yadda kake faɗa wa kowa."

Na ce, "Kada ya je."

Ta ce, "To. Ba zai je ba."

Ta juya ta ɗauko wani abu daga kan gado ta ajiye a gabana. Farin kaftani ne a ninke, da wando da hula. Ta ce, "Kayansa ne na washegari, na riga na guge kafin a zo da labari. Ɗauki. Kai za su yi wa daidai."

Wannan shi ne surukina kamar yadda na san shi, kuma na rubuta don kada a manta da shi, kamar yadda 'yarsa ta nema, ko da yake tun ranar da Inna ta kira ni ba ta sake tambayata rubutun ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ruwan da ya shayar da dabbobi ya tsaya masa, ya sa tambayar da za a yi masa ta zo da sauƙi, da harshen da zai shiga. Kayan suna nan rataye a ɗakina. Jiya da ba kowa a gida na gwada kaftanin, kuma Inna ba ta yi kuskure ba, ya yi mini daidai.